An Taɓa Cewa

Laraba, 2 ga Oktoba, da yamma

Malam Jamiluddeen, editan mujallar kwalejinmu, ya tare ni a bakin ofis ya miƙo mini wata maƙala. Ya ce, "Malama Hulda, a kan acca ce, kuma duk kwalejin nan ba wanda ya kai ki sanin acca. An cire sunan marubuci kamar yadda aka saba. Don Allah kada ta daɗe a hannunki. Mai ita na neman tallafin karatun digiri na uku, kuma ba za a karɓi takardun ba sai da shaidar cewa mun amince za mu buga ta. Ƙarshen watan nan za a rufe."

Na ce mako guda ya ishe ni. Na ji daɗi ƙwarai. Rabon da a ba ni maƙala in tantance, tun kafin Dakta Alexander Shemang ya dawo daga ƙasar waje.

A cikin keke na buɗe ta, kafin mu kai kasuwa na san mai ita. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan yake buɗe kowane sashe da tambaya, sannan ya bar manomiya ta amsa da bakinta kafin ya kawo ra'ayin masana. Ni na koya mata haka. Miriyam Kambai ce, yarinyar da ta zo mini daga Kagoro da jakar leda ɗaya, ta zauna a ɗakinmu na baya har ta gama karatu, yanzu kuma ƙaramar malama ce a sashenmu. Ni ce Maminta.

Na san tana yawon ƙauyuka da rakoda. Da na tambaya ta ce, "Ɗan ƙaramin aiki ne, Mami." Ashe wannan ne ƙaramin aikin.

Ƙa'ida ta ce idan ka gane marubuci, ka mayar da maƙalar. Ni nake koya wa ɗalibai wannan ƙa'idar. Gobe zan mayar. Bari dai in ƙarasa karantawa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da rana

Aikin ya yi kyau. Bari in fara rubuta wannan, don kada a ce. Ya yi kyau sosai.

Na je shafin manazarta, inda ake jera sunayen duk waɗanda aka ɗauko wani abu daga aikinsu. Ba nema nake ba, kowane mai tantancewa can yake fara zuwa. Na bi harafin K da yatsa. Babu sunana, Kazah.

Shemang kuwa yana nan. A cikin maƙalar sau bakwai aka ambace shi. Shemang ya ce, Shemang ya nuna, a ganin Shemang. Mutumin da duk abin da ya rubuta a kan acca shafi tara ne, kan farashinta a kasuwa, kuma na tabbata bai taɓa duƙawa ya yanki acca da lauje ba.

Sai shafi na huɗu. Da Turanci ta rubuta, amma ma'anarsa ke nan: "An taɓa cewa al'adar nan ta miƙa irin acca daga uwar miji zuwa matar ɗa za ta mutu cikin shekara ashirin."

An taɓa cewa. Wa ya taɓa cewa? Ni na ce. Kundin digirina na biyu ne, 2009, babi na biyar. Damina biyu na yi ina bin tsofaffin mata a ƙauyukan Fadan Kaje, ina goye da autana, ina shiga rumbunansu, suna nuna mini ƙoƙon irin da suka karɓa daga uwayen mazajensu. Na ce boko da kuɗin citta za su kashe al'adar. Ita kuma ta gano cewa da cutar citta ta cinye gonaki bara, mutane sun koma wa acca, kuma a wurin matan Zumunta aka samo iri, a coci ake rabawa bayan sujada. Ta ce al'adar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi.

Miriyam ta san kundin nan kamar tafin hannunta. Ita ta sake buga mini shi a kwamfuta da gara ta ci na farkon.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da safe

Ban ga Malam Jamiluddeen a ofis ba. To, ban dai leƙa ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da yamma

Ajin Asabar. Tun da na fara koyarwa nake tara ɗaliban shekarar ƙarshe a barandarmu, in dafa gyaɗa, mu yi aikin firojet ɗinsu tare. Da can har kan turmi ake zama. Yau benci ɗaya bai cika ba. Na tambayi Roseline ina sauran, ta ce, "Ma, Dok Alexander yana yin wokshop. Akwai wani abu a laftof, in ka danna kawai, shi zai jera maka rifarens duka."

Na ce madalla. Na kuma nufi madallar. Abin da zai sauƙaƙa wa yara wahala ba zan ƙi shi ba.

Na koya wa waɗanda suka zo abin da nake koyarwa kullum. Duk maganar da ba taka ba ce, kafin ta hau takardarka sai ta amsa tambaya uku: wa ya ce, yaushe, a wane shafi. Na ce musu ambaton mai magana kamar gaisuwa ne. Ba za ka shiga gonar mutum ka tsinki yakuwa ka wuce shi yana tsaye ba ka ce masa sannu ba. Suka yi dariya, suka rubuta. Ina son yaran nan. Idan fuskar ɗalibi ta buɗe don ya gane abu, ba abin da ya kai wannan daɗi.

Na'urar Dok tana jera sunayen da aka ba ta. Ba ta tambayar wanda aka bari a waje.

Gyaɗa ta yi saura da yawa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan sujada

Miriyam ta zo ta durƙusa ta gaishe ni a ƙofar coci kamar kullum. Ta karɓi jakata ta riƙe. Ta ce, "Mami, kin rame fa. Baba Samson ba ya ba ki abinci ne?" Mijina ya ce, "Ni da nake jiran a ba ni?" Muka yi dariya.

Na duba fuskarta da kyau. Ba komai a ciki sai Miriyam.

Aka yi hon. Motar Dakta Alexander ce, zai wuce Kagoro ya rage mata hanya. Ta mayar mini da jakata ta ruga. Ba ta saba gudu da takalmi mai tsini ba, amma ta yi.

Talata, 8 ga Oktoba, da yamma

Sau bakwai. Na sake dubawa ko na yi kuskure.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da rana

Ba ni da aji yau, sai na sauko da kundayen ɗalibaina daga kan kanta ina kakkaɓe su. Sunana yana cikin kowanne. A shafin godiya, bayan Ubangiji da iyaye. "Mami Hulda, uwa ta gari." "Mami Hulda wadda ba ta gajiya." Wani ma ya gode mini saboda miyar karkashi. A na Miriyam na farko, rabin shafi ta ba ni: yadda na kai ta asibiti, yadda na ɗinka mata kayan bikin yaye ɗalibai.

Na juya bayan kowane kundi, inda masana suke zama. Ba ni a ko ɗaya.

Ban taɓa lura ba sai yau. A gaban littafi ni uwa ce mai tuwo. A bayan littafi, inda ake jera waɗanda suka san abu, sai mutanen Zariya da Ibadan da Turawa. Da Shemang.

Malam Jamiluddeen ya turo saƙo yana tuna mini. Na ce ina kai.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Na rubuta rahoton tantancewa. Shafi biyu. Na yaba abin yabo, don ni ba azzaluma ba ce. A ƙarshe na ce marubucin ya gina maƙalar gaba ɗaya a kan rushe wata magana da bai faɗi mai ita ba, ya kuma yi amfani da bayanan wani kundi ba tare da ambato ba. Na kira abin da sunansa: satar ilimi.

Ba ƙarya na yi ba. Da ɗalibin da ban sani ba ne, haka zan rubuta. A dokar mujallarmu, idan kalmar nan ta fito daga mai tantancewa, ba gyara ake nema ba, kwamiti ake kafawa. Maƙala ta mutu, tallafi ya tafi, kuma a garin nan magana ba ta tsayawa a ofis. Kafin Lahadi ta kai Kagoro.

Na sa rahoton a ambulan. Ban liƙe ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

Wa'azi ya yi tsawo. Ban tsaya gaisawa ba, na ce kaina na ciwo.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Samson yana gyaran keken feshinsa a tsakar gida, ina tsince shinkafa, sai ya ce, "Uwar Jason, yau sau nawa kika kira sunan likitan nan?"

Na ce wane likita.

"Wanda ba ya allura. Da safe kin ce takalminsa ya cika ƙara. Da rana kin ce Hausarsa ta karye a jirgi. Yanzu kuma kin ce wa shinkafa tana da tsakuwa kamar maƙalarsa. Ni ban taɓa ganin mutumin ya yi miki komai ba sai gaisuwa."

Na ce ba ruwana da shi. Na ce ina farin ciki da yara suka samu wanda ya ga duniya.

Ya ce, "To Allah ya ƙara farin cikin, amma a rage wa shinkafa duka."

Ban gaya masa komai ba. Sirrin aiki ne. Wannan ƙa'idar dai na kiyaye ta.

Laraba, 16 ga Oktoba, da rana

Ina wucewa ta gaban ofishin Dakta Alexander na ji dariyar Miriyam. Irin dariyar da take yi har da buga tebur. Ina tsammanin a kicin ɗina kaɗai take yin ta. Na ji tana cewa, "A'a, Dok, ban yarda ba, lissafinka bai yi ba!" Shi kuma yana cewa, "To kawo hujja, kawo!"

Duk zamanta a gidana ba ta taɓa ce mini ban yarda ba.

Na tsaya ina gyara maɗaurin takalmina, alhali ba abin da ya same shi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Ta kawo mini sabuwar acca daga wurin mamanta, an riga an surfe, an wanke yashin. Ta rame. Ta zauna a bakin baranda tana murza gefen zaninta. Ta ce ta nemi wani tallafi, amma akwai takardar da take jira ba ta fito ba.

Na ce, "Wace takarda?"

Ta ce, "Wani abu ne na rubuta, Mami. In ya fito zan nuna miki. Ki sa ni a addu'a kawai."

Na riƙe hannunta muka yi addu'a. Na roƙi Ubangiji ya buɗe mata kowace ƙofa da aka rufe. Ambulan ɗin yana cikin jakata, jakar tana rataye a kujerar da nake zaune.

Accar tana da kyau. Na kasa dafawa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Ruwa tun asuba. Ba inda na je.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Dakta Alexander ya zo gidana. Shi da kansa. Ya cire takalmin a bakin baranda, ya gaishe da Samson da harshenmu na Jju, ya kuma yi daidai. Ban san ya iya ba.

Ya ce, "Mami, na zo kawo ƙarar ɗiyarki ne. Na gaji da ita."

Na ce ya zauna.

Ya ce Miriyam ta tura maƙala mujallarmu, shiru har yanzu, kuma shi ya san dalili. "Duk rifiwa, wato mai tantancewa, da ya san aikinsa, in ya kai shafi na huɗu zai tsaya. Ta ɗauko babban maganarki ta ce 'an taɓa cewa'. Ba suna, ba shekara. Wata uku ina faɗa da ita. Na ce sa sunan Madam Kazah, wannan aikin shi ne tushen naki. Na buga mata da hannuna, ta goge. Na sake bugawa, ta sake gogewa ta tura haka a bayana."

Na ce, da murya mai sanyi yadda na iya, wataƙila ba ta ga aikin ya kai a ambata ba.

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Mami, kuka ta yi mini a ofis. Ta ce a takardan boko ba a rubuta Mami, ba a rubuta Madam. Sunan mutum ake rubutawa tsirara. Ta ce, 'Ni in rubuta Kazah kawai, kamar ina kiran sa'ata? Sannan in ce Kazah ta yi kuskure, a buga, duk duniya su karanta? Matar da na ci tuwonta? In mamana ta ji, ba zan shiga gida ba.' Na ce ai ni kin kira sunana tsirara, har kin ce lissafina bai yi ba wuri uku. Ta ce, 'Kai ai Dok ne kawai.'"

Ya yi dariya. Ya ce, "Kin ji fa. Ni Dok ne kawai."

Ya ce ya karanta kundina a laburare tun makon da ya dawo, kuma babi na uku ya kamata ya zama littafi. Ban san abin da na amsa ba. Na ba shi gyaɗa.

Da ya tafi na buɗe maƙalar. Gaskiya ne, cikin bakwai ɗin, uku musu ne take yi da shi. Na karanta su tun farko. Sunan kawai na gani.

Tun da yarinyar nan ta shigo gidana ba ta taɓa furta sunana ba. Ko a fom ɗin asibiti, da aka tambaye ta sunan mai kula da ita, miƙo mini biro ta yi. Mu muka tarbiyyantar da su haka, muna kuma alfahari da hakan. Sannan na zaunar da ita a baranda na ce wa ya ce, yaushe, a wane shafi, ban taɓa tunanin ranar da amsar za ta zama ni ba.

Amma a ofishinsa ta yi kukan. Shi ta gaya wa.

Talata, 22 ga Oktoba, da rana

Na kai wa Malam Jamiluddeen maƙalar ba tare da rahoto ba. Na ce na san marubuciyar, bai kamata in tantance ba.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Yaushe kika gane?"

Na kawar da kai.

Ya ce, "To. Allah ya kyauta." Ya dubi kalandar bango. Ya ce Dakta Alexander ba zai yiwu ba, shi ma hannunsa na ciki. Akwai wata farfesa a Jos, amma ba ta da saurin amsa saƙo, kuma ba ya iya ba da takardar amincewa sai rahotonta ya zo. Ya ce idan marubuciyar na da gyara, ta kawo kafin jibi ya tura.

Har na kai ƙofa ya ce, "Malama Hulda, da wani ne ya yi mini haka, ke zan kawo wa ƙara."

Na ƙona ambulan ɗin a murhu na ɗora ruwan zafi a kai.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Na aika wa Miriyam ta zo da laftof ɗinta. Na ce Dok ya kawo ƙararta. Ta durƙusa nan take, ta fara, "Mami, ki yi haƙuri, ba raini ba ne..."

Na ce, "Tashi. Nan aji ne. Buɗe shafi na huɗu. Karanta."

Ta karanta.

"Wa ya ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Miriyam, wa ya ce?"

"Ke ce, Mami."

"Babu wata Mami a laburare. In ɗalibi a Jos ya je neman Mami, wace kanta za a nuna masa? Wa ya ce?"

Ta dubi Samson, wai ya cece ta. Ya ce, "Ni ban ji komai ba, kaji nake ba dawa." Bai ko motsa daga wurin ba.

Na ce mata, kin ɗauka kin rufa mini asiri. Binne ni kika yi. Damina biyu na yi a rumbunan mutane, ba wanda ya taɓa ɗaukar maganata da nauyin da zai yi musu da ita sai ke, ke kuma kika cire sunana daga kanta. Wanda aka yi musu da shi yana raye. Wanda aka ce "an taɓa cewa", shi ne ba kowa ba.

Ta sa yatsu a kan madannai ta janye. Ta sake sawa. Ta buga harafi ɗaya ɗaya kamar mai taka ƙaya. Na ce yanzu karanta da ƙarfi. Ta rufe fuska da hannu ɗaya, ta karanta ta tsakanin yatsu: "Kazah, 2009, shafi na ɗari da goma sha biyu, ta yi hasashen cewa al'adar za ta mutu. Binciken nan ya nuna akasin haka."

Samson ya ce, "Kai! A gidana!"

Ta fashe da kuka da dariya tare. Ni kuma wani abu ya soke ni a ƙirji, wani abu kuma ya yi sanyi, ban san wanne ya fi ba. Muka gyara manazarta. Ta sa waƙafi inda aya ta kamata, na nuna mata.

Da za ta tafi ta ce, "Mami, ko kin san abin da ya sa suka riƙe shi haka?" Na ce ta ɗebi gyaɗa ta tafi da ita.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da rana

Jos shiru.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sujada

Na gaya wa Miriyam cewa ni na riƙe maƙalarta. A bayan coci, wajen tankin ruwa. Ban da maganar ambulan, wannan tsakanina da Ubangiji ne.

Ta durƙusa kamar kullum, ta miƙe, ta tafi. Ba ta karɓi jakata ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Jos shiru. Na wuce ofishin Malam Jamiluddeen har ya daina ɗaga kai. Na kira wata tsohuwar abokiyar karatuna da ke koyarwa can, na roƙe ta ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar farfesar, ba don ta ce komai a kan maƙalar ba, ta dai tuna mata akwai mai jira.

Idan Miriyam ta rasa wannan, sai baɗi, in ma an sake buɗewa. Na dafa accar. Ba ta da laifi.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Rahoto ya zo da hantsi. An amince, da ƙananan gyare-gyare. Miriyam ta tura takardunta kafin a tashi aiki.

Daga bakin Dakta Alexander na ji. Ya leƙo ofishina yana murna, "Mami, mun ci!" Mun. Shi ta fara kira. Na ce masa na gode, kuma har zuciyata na gode masa. Takalmin nasa dai yana da ƙara.

Ita ba ta zo ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Ba ta zo ba. Na sake karanta maƙalar, yanzu a matsayin wadda aka ambata. Kuma ban yarda ba.

Irin da ake rabawa a Zumunta ba shi ne irin uwar miji ba. Wancan yana zuwa da sunan gida, da sanin wace gona yake so, da haƙƙin da ke kan amarya ta miƙa wa ta bayanta. Na coci kowa ya kawo nasa a zuba a buhu ɗaya. Acca ta dawo, gaskiya ne. Al'adar da na rubuta a kanta ba ta dawo ba. Miriyam ta haɗa abu biyu.

Na ɗauko takarda. Rabon da in rubuta wani abu nawa, ba gyaran na wani ba, har na manta.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Bayan yara sun watse na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa. Ta gaishe ni a tsaye, gaisuwar ofis. Ta ce Malam Jamiluddeen ya ce mata na nemi fili a fitowa ta gaba.

Ta ce, "Da gaske za ki rubuta a kaina, Mami?"

Na ce, "Ba a kanki ba. A kan Kambai." Na miƙa mata shafukan.

Ta karanta a tsaye. Ta kai tsakiya ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba. Na ga goshinta ya tattare. Ta koma baya ta sake karanta wani wuri, ta buga takardar da bayan hannu.

"A'a. Wannan ba haka ba ne. A Godogodo ba a buhu ɗaya suke zubawa ba, kowace mace da ƙullinta, kuma tana faɗan gidan da ya fito. Ina da shi a rakoda."

Na ce ba ta rubuta haka a maƙalar ba.

"Ban rubuta ba don wuri bai isa ba! Amma Kazah ba ta taɓa zuwa Godogodo ba, Fadan Kaje kawai ta tsaya, ta yaya za ta ce..."

Ta tsaya. Ta kama bakinta. Samson ya leƙo ta taga.

Na ce, "Ci gaba. Ta yaya za ta ce me?"

Ta sauke hannun a hankali. Ta jawo bencin kusa da tebur, ta ɗauki jan birona, ta ja layi a ƙarƙashin jimlata ta biyu.